Gwangwanin Iya Awabu

Ruwan wankan gawar Iya Awabu har ya fara hucewa, amma Alhaji Moro, mai gidanmu a unguwar Nima, ya tare ƙofa da gwangwanin madara a hannu. Ya jijjiga shi, ya zazzage a kan tabarma. Ƙananan kuros ne na ƙarfe, irin na 'yan coci, sun fi hamsin.

"Malam, ka gani?" in ji shi ga liman. "A ƙarƙashin gadonta fa. Wannan za mu yi wa salla?"

Limamin, Malam Zuberu, ya duƙa yana duba su. Ni kuwa, ni na fara baza maganar cewa ta shiga coci.

Iya Awabu maƙwabciyata ce, tana sayar da koko, ba ɗa ba jika. A shekarar yunwa, tamanin da uku, Turawan mishan suka fara zuwa da riguna da alewa. Muka hana 'ya'yanmu karɓa. Wa zai zo daga ƙasarsa ya ba ɗanka riga haka kawai? Ita kaɗai ta ba su kujera. Sai su tafi, bayan kwana biyu ta fara raba wa yara riguna, ta ce daga kasuwar Malam Atta ta samo. Muka karɓa, tsirara ba ta da daɗi. Amma ni ba a rufe mini ido. Na leƙa ta taga na gan ta da kuros a tafin hannu, kafin azahar duk layinmu ya ji.

Ranar Talata, da ciwo ya ci ƙarfinta, ta kama hannuna.

"Mulikatu, gwangwanin nan, mayar wa masu shi. Daga wuyan riguna na cire. Abin ibadar mutane ne, ban iya jefa shi a kwata."

Kunya ta hana ni faɗa wa kowa. Yanzu ga ta kwance, ana shawarar a kira coci su ɗauke ta.

"Luba!" na kira 'yata. "Zo nan."

Ta zo sanye da shuɗiyar rigar da Iya Awabu ta ba ta, mai jan fure a wuya. Na juya wuyan a gaban maza. A bayan furen, ga guntun farin zare da hudar allura inda aka tsinke wani abu. Na ɗora kuros ɗaya a wurin, ya zauna daidai.

"Ita ke cirewa ta ɗinka fure, don mu bar yara su sa," na ce. "Ni na yi mata ƙazafi. Allah ya yafe mini."

"Ei, Mulikatu," in ji Alhaji Moro. "Ke ma yanzu wa ya sani ko ba su saye ki ba?"

Malam Zuberu bai kula shi ba. Ya dubi tsakar gida inda yara suka taru. Jikan Alhajin ma yana ciki, da jan fure a wuyansa.

"A ɗumama ruwan," ya ce.

Da maza suka ɗauke ta bayan la'asar, na tsince kuros ɗin ɗaya bayan ɗaya na mayar cikin gwangwanin. Na naɗe shi a wankakken ɗankwali, na kama hanyar unguwar Kokomlemle inda cocin 'yan mishan yake. Yana ta ƙara a hammatata, sai na rage sauri.