Tsakanin Bututu da Salansa

Bututu na biyu ke nan da ya lalace a hannun Injiniya tun safe. Ya shafa gurin da ya lotse da babban yatsa, ya ja tsaki, ya wurga shi bayan tulin tsofaffin tayoyi. Bututun birki bai fi kaurin fensir ba, amma ya fi jaki taurin kai. Ka lanƙwasa shi a hankali ya ƙi, ka ɗan matsa ya lotse, kuma da ya lotse man birki ba zai wuce ba.

"Yaya, in lanƙwasa maka?" in ji ƙanensa daga bakin garejin.

"An ce maka hannuna ya guntule ne?"

Ƙanen, wanda har yau ake kira Ƙarami duk da furfurar da ta cinye masa gemu, ya koma kan aikinsa. Hakan ma ya fi ba Injiniya haushi. Tun da aka yi masa aikin ido bara, Ƙarami da yaran gida suka haɗa baki wai ya daina shiga ƙarƙashin mota, ya zauna a kujera yana gaisawa da masu kawo gyara. Kujera! Mutumin da ya shekara arba'in da biyu yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane. Cikin fushi ya yanka wa kansa sharaɗi: zai ja bututun birkin baya na tsohuwar a-kori-kurarsa shi kaɗai. In aikin ya fita ba aibu, kada wanda ya sake ambata masa kujera. In aka sami kuskure ko ɗaya, shi zai kai kansa ya zauna. Da bakinsa ya faɗa a gaban kowa, magana kuwa zarar bunu ce.

Motar ta girmi Auta, 'yarsa ta ƙarshe, kuma saboda ita ake tayar da ita. Auta na kiwon kaji a bayan gari, tana bukatar abin ɗaukar buhunan abincinsu, hanyar gonar kuwa akwai wata doguwar gangara da ke ƙarewa a kan siririyar gada.

Ya yanko na uku. Wannan karon bai ma tsaya wahalar da ido ba, ya bar wa yatsu aikin. Ya san cikin motar nan kamar yunwar cikinsa. Bututu ya biyo shasi, ƙashin bayan motar, ta hagu, tiyon roba ya sauko da man zuwa wata mahaɗa mai baki uku a kan aksil, ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, daga nan bututu biyu su rabu, kowanne ya nufi tayarsa. Na daman ne ɗan rigima, sai ya haura ƙullutun tsakiyar aksil kafin ya gangara. Ya kwanta a kwali ya ja jiki ciki. Motar na ɗage a kan jak, tayoyin baya na reto.

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa a gaban yara. Noti ya suɓuce ya gangara inda sai Allah. Ya lalubo shi, ya ƙi hawa zare. Ya hau a karkace, sai da ya warware ya sake. Tsatsa ta zubo masa a baki, ɗigon mai ya sami kunnensa kamar an auna. Ya zagi notin, ya zagi wanda ya ƙera shi, ya haɗa da likitan ido. Amma kafin rana ta karkata bututun ya kwanta lafiya lau, maƙalai huɗu na riƙe da shi, ko motsi ba ya yi.

Saura abu ɗaya, dokarsa ta kansa, wadda ya sha korar masu koyon aiki a kanta: ba a ɗaure maƙalin ƙarshe sai an sauke mota ƙasa, an loda mata kaya, an sake shiga an duba. Mota a kan jak daban take da mota mai kaya. Sai dai sauke ta da loda ta na nufin ya kira Ƙarami, ya kuma sake durƙusawa a kan gwiwoyin da tun ɗazu suke kuka. Ya ce a ransa motar da ya sani tun tana sabuwa ba za ta ba shi kunya ba. Ya ɗaure maƙalin.

Da la'asar Auta ta iso, ta leƙa ta ga fuskarsa ta fashe da dariya.

"Baba, kai ka gyara motar ko ita ta gyara ka?"

"Shiga ki taka min birki, sarkin surutu."

Ta shiga, yana daga ƙasa yana ba da umarni, taka, riƙe, saki, har iskar da ke cikin bututun ta fita, birkin ya yi tauri. Aka sauke motar. Auta ta ja ta zuwa shagon abincin kaji da ke ƙarshen layi, ta dawo da buhu ashirin a baya, ta taho a guje, ta take birki a bakin gareji. Motar ta tsaya cak. Mai faci na maƙwabta har da tafi.

Ƙarami ya goge hannu ya zo. "Yaya, na janye maganata. Kujerar ma gobe zan mayar da ita gida."

Daɗi ya kama Injiniya har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Don kada a ga murmushin, ya ce bari ya duba ko akwai yoyo, ya sake jan jiki ƙarƙashi. Ya bi bututun da yatsu tun daga mahaɗa. A bushe. Ya haura ƙullutun, sai wani zafi ya lashe masa bayan hannu, ya fizge da sauri.

Salansa ce. Sabuwar da Ƙarami ya yi wa walda watan jiya, gwiwarta ta fi ta asali saukowa. Da safe, motar na ɗage, akwai tazarar tafin hannu tsakaninta da bututun. Yanzu da kaya suka danne ta, ko yatsa ba ya shiga. Duk ramin da Auta ta faɗa, ƙarfe mai zafi zai daki bututun. Man zai tafasa, ko bututun ya huje, ta taka birki ƙafarta ta tafi har ƙasa. Wataƙila bayan wata biyu, wataƙila yau.

Daga inda yake ƙafafunsu kawai yake hangowa, dishi-dishi. Ba wanda ya sani. Yana iya fitowa ya karɓi yabonsa, jibi ya ƙirƙiro dalilin da za ta dawo da motar, ya gyara a ɓoye. Amma yanzu za ta kama hanyar gangarar nan. Kuma abin da ya fi ci masa rai, yini guda ya yi da salansar a gaban hancinsa. Hannunsa tsohuwar motar ya tuna, idon da zai gaya masa an canza wani abu kuwa babu shi. Me kuma ya wuce bai gani ba, a motocin mutane, tun bara? Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba a ƙarƙashin mota.

"Baba, barci ka yi ne?" in ji Auta. "Kajina na jira."

"Kashe motar."

"Me ya faru?"

"Na ce ki kashe ta. Ƙarami, zo ka gani."

Ƙarami ya kwanta kusa da shi, kallo ɗaya ya yi ya gane. Ya rage murya. "Yaya, laifin salansata ne. Aikin minti goma ne, ba sai kowa ya ji ba."

"Salansarka tana nan tun safe. Ni ne ban gan ta ba, kuma ban loda kaya ba." Ya ɗaga murya yadda Auta da mai faci za su ji. "Aikina ne ya ɓaci. Bar kujerar inda take."

Ƙarami ya jawo sifana ya fara kwance maƙalan. Can ya ce, a hankali, "To riƙe min fitila, Yaya."

Injiniya ya karɓa, ya kunna, ya haska inda yake ganin aikin yake. Ƙarami ya ɗan jira. Sannan ya miƙo hannu ya kama wuyan hannun yayansa, ya matsar da hasken kan bututun, ya ci gaba da kwancewa.