Wandon Mai Hatimi

A gafarce ni da wannan karambani, ban taɓa rubuta labari ba.

Wata tela ce, duk Turancinta kalma biyu ne: "come back", wato a dawo. A bakin wani mai buga hatimi a ofis ta koya. Sau tara tana kai masa takardar rasuwar mijinta ya buga mata, sau tara yana faɗa mata haka ko kai bai ɗago ba, alhali ga hatimin nan gefen kofin shayinsa. Ta ƙullace shi.

Ran nan sai ga shi a shagonta, ya ɗaure ƙugu da kwat. Wandonsa ya ɓarke, manyansa kuma na jiransa a ofis. Bai gane ta ba. Ya shige bayan labule, ya miƙo wandon.

"Mama, a taimaka da sauri."

Ta zauna ta farke sauran ɗinkin tsaf, har ƙafa ta rabu da ƙafa, ta ninke ta ajiye.

"An gama?"

"Come back, ranka ya daɗe."

Kafin maƙwabta su ankara, ta ɗauki jakarta ta sulale ta ƙofar baya.