Tayin Farko

Duk wanda ya taɓa kai sa kara, kasuwar dabbobin Talatar Mafara, ya san Ɗanasabe dillali, ya kuma san ba ya sallama dabba a tayin farko. Ko ka sa kuɗin da ya wuce hankali, sai ya kau da kai, ya tofar da tuƙar goro, ya ce, "Albarka." Daga nan ya ba ka ƙeya ya kama hira da wani, yana leƙenka da wutsiyar ido. Abin haushin kuma, sai ka komo ka ƙara. Tun yana saurayi masu saye ke komo masa, har ya ɗauka haka Allah ya tsara duniya.

A Faru yake zaune da matarsa Lantana da 'ya'yansu. A cikinsu akwai Mufida, wadda ba wanda ya san inda ta samo ƙwaƙwalwarta, ko da yake Ɗanasabe ya sha gaya wa mutane tasa ce. Likita take son zama. Gurbin likitanci kuwa dubbai ke rububinsa, 'yan kaɗan ake ɗauka. Da sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito, Malam Ishaq, malaminsu na kimiyya, ya hau babur takanas har Faru don murna. A zaure ya ce, "Alhaji, da wanga maki babu jami'ad da ba ta son ta a ƙasag ga."

Malam farin ciki ne ya sa shi faɗa. Ɗanasabe kuwa da kunnen dillali ya ji.

Da yake a Faru sai ka hau tudu waya ke kamawa, duk harkar neman gurbin a shagon Maiwada mai kwamfuta ake yin ta, can Talatar Mafara. Wata ranar kasuwa Mufida ta durƙusa gaban ubanta ta ce, "Baba, ka biya wurin Maiwada shi duba min. In sun ba ni, a amsa."

Ya biya. Sai da suka gaisa, aka tambayi gida, da iyali, da shanu, da ruwan bana, aka sake komawa kan iyali, sannan Maiwada ya buɗe shafin Mufida. Nan take ya miƙe tsaye.

"Alhaji, barka! Sun ba ta! Likitanci, Sakkwato, abin da tan nema. Ga wurin amsawa, ga na ƙi. Bari in amsa."

"Dakata," in ji Ɗanasabe. "Zariya hwa? Mi sunka ce?"

"Ai Sakkwato tac cike."

"To ka gani. Ba a kai ko'ina ba sunka yi wuf. Wanda yay yi saurin tayi tsoro shikai wani shi riga shi. Sun san abin da sunka gani."

Maiwada ya dube shi ya ga da gaske yake. "Alhaji, don Allah, nan ba kara ba ce. Wagga na'ura ba ta san albarka ba. In ka ce a'a, a'a taka ji."

"Ɗiyarka ce ko ɗiyata?"

Maiwada ya roƙa, ya rantse, har ya ce shi kam ba da hannunsa ba. Ɗanasabe ya ce a nuna masa wurin, ya danna da kansa. Wani rubutu ya fito. Ya tambayi me aka ce, Maiwada ya amsa da muryar mai shirin kuka, "Cewa sunka yi, ka tabbata?"

Ɗanasabe ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Ka ji ko? Har sun hwara lallashi!" Ya sake dannawa, ya karkaɗe riga ya fita, yana jin bai taɓa ciniki mai daɗin wannan ba.

A gida ya ce musu, "Ana cikin magana." Mufida ta yi murmushi ta koma ɗaki. Lantana ta ci gaba da tara kayan tafiya: sabuwar akwati, bokiti, atamfofi, har da yajin da ta ce ba a samun irinsa a Sakkwato.

Talatar da ta biyo bai shiga shagon ba. Ta gaba ya wuce yana kallon wani gefe, don kada a ga ya damu, kamar jami'ar tana zaune a bencin Maiwada tana kallon ƙeyarsa. Ta gaba ya leƙa. Babu komai. Daga nan gaisuwarsu ta fara gajarta, har ta koma ya tsaya a bakin ƙofa, Maiwada ya girgiza kai, ya juya. A kara ma aka lura Ɗanasabe yana barin goro a baki ya manta bai tauna ba. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa sani ba.

Da abin ya ishe shi ya ɗaure rago a babur ya nufi Bakura, wurin wani tsohon abokin cinikinsa da ɗansa ke aiki a jami'a. Aka kira ɗan a waya. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Baba, gurbin da anka ƙi ba a aje shi. Akwai masu jira a bayanta, an ba wani. Sai dai ta sake jarrabawa baɗi." Ko ragon ba su karɓa ba.

Ya iso Faru da la'asar, ya tarar ana rakiyar baƙuwa. Amira ce daga Damri, ƙawar Mufida ta makarantar kwana, wadda Mufida ke koya wa lissafi. Ta durƙusa ta gaishe shi, baki har kunne, ta ce sunanta ya fito daga baya, likitanci a Sakkwato, ta zo ne su sa ranar tafiya tare. "Ni da nis samu, Baba, ita kam ai tuni!"

Ya sa mata albarka da kyar. Yana ɗaure ragon a turke Mufida ta dawo daga rakiya, ta tsaya a bayansa.

"Baba, wace magana ce aka ciki?"

Ya gaya mata. Bai iya yi wa maganar kwalliya ba, shi da ke sayar da ramammen sa a matsayin ƙosasshe. Ya jira ta yi kuka ko ta ɗaga murya, don da hakan ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Sun ba ni abin da nin nema?"

"Sun ba ki."

Ta kalli igiyar da ke hannunsa, sannan ta ce a hankali, "To Baba, mi kas so su ƙara?"

Ya buɗe baki. Ya duba ko kuɗi ne, ba su ba ne. Ko ɗakin kwana, ba shi ba ne. So kawai ya yi su komo, su nemi 'yarsa sau biyu, ya samu abin faɗi a zaure. Kunya ta hana shi furtawa.

Mufida ta shiga ɗaki. Daga inda yake tsaye ya ji ta tura sabuwar akwatin ƙarƙashin gado, ta jawo kwalin tsofaffin littattafanta.