Zaiba a Ɗakin Kavata

Wata biyu ke nan Nduku ba ta leƙa juji ba. Tafin hannunta ya yi jawur yana saɓa, haske ko ta hudar kwano ya shigo sai ta sa ihu. Shekararta bakwai, amma a da duk unguwar Dandora ba yaron da ya kai ta iya farke tsohon firji.

"Jifa ne," in ji maƙwabciyarsu Mama Mutua mai gasa masara, tana kallon Kavata, yayar Nduku. "Ke 'yar boko, ki kai ta wurin mai addu'a kin tsaya taurin kai."

"Mama, da addu'a na gyara hannu, da naki bai ƙone ba."

"Ji bakinta! Takardar ce ta dawo da ke bola."

 Kavata ta gama sakandare, ta dawo tsintar tagulla, ita ke riƙe da ƙanwarta, kuma ba ta jin kunyar ko ɗaya.

Da hantsi ta shiga ɗaki da ugali, tuwon masara, ta tarar da Nduku a lungu, fuska a bango, tana raɗa.

"Da wa kike magana?"

"Da 'ya'yana, Yaya. In na raba su sai su koma su haɗe. Kowanne da fuskata a jikinsa."

Nduku ta zaro kwalbar magani daga cikin matashi. A makunnin firji take samunsu, in ji ta, ƙwaya-ƙwaya masu sheƙi, shekara guda tana tarawa. Kavata ta taɓa ganin abin a aji, malami ya hana kowa taɓawa, ya ce guba ce. Zaiba ce.

Kwalbar kuwa ba komai a ciki.

"Ina suke?"

"Sun fita wasa."

Kavata ta ɗaga tabarma. A kowace tsagar daɓe suna nan, ƙanana, suna kallonta. Ta miƙa hannu ga tsintsiya, sai ta tuna shara ƙara watsa su take yi. 

Ta lulluɓe Nduku da zane, ta goya ta, ta garƙame ƙofar. Ko cokali ba ta ɗauka ba.

"Sai ina?" in ji Mama Mutua.

"Asibiti. Kada yaro ya shiga ɗakin nan."

Borintunke sun jeru a kan tarin shara, ba wanda ya motsa. A bayan yayarta Nduku na kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Kavata ta gyara goyo, ta ƙara sauri.