Shuɗi Biyu a Kan Kanta

Da hantsi shugabar wata makaranta ta shigo shagon fenti, ta ajiye ɓallin filasta biyu a kan kanta.

"Wannan daga aji ɗaya, wannan daga aji huɗu. Kala ɗaya na saya a wurinku. Ranar Litinin kuma yara za su dawo."

Mai shagon ya duba. Ɗaya shuɗi ne mai haske, ɗayan ya ja zuwa kore. Ya kira Kawu, tsohon da ya shekara ashirin da shida yana haɗa kala a bayan shagon, tun zamanin mahaifinsa. Kawu ya goge hannu a riga, ya ɗaga ɓallin wajen haske, ya jujjuya su.

"Ai ɗaya ne, ranki ya daɗe."

Ƙanwar mai shagon, wadda ke tsaron kanta, ta sunkuyar da kai. A nan mai shagon ya gane dalilin gwangwanaye biyun da aka dawo da su a watan jiya: idon Kawu ya fara yin yana.

Dogo, direban shagon, ya matso ya raɗa masa, "Ka ce daga kamfani ne. Kamfani ba shi da fuska, ba ya jin kunya."

Maganar ta zauna masa. Ƙarya ɗaya za ta rufa wa tsohon asiri yau, sai dai wata mai zuwa a sake neman wata. Gaskiya kuma, a faɗe ta a gaban baƙuwa, tamkar tuɓe wa Kawu hula ne a tsakiyar kasuwa, daga nan sai zaman gida. Mutumin da ya koya masa riƙe buroshi!

"Kuskuren daga shagon nan ne," in ji shi. "Yau za mu je mu gani, fentin gyara kuma namu ne."

"Wa ya yi kuskuren?"

"Shagon, ranki ya daɗe. Ni ne shagon."

Bayan ta fita ya sami Kawu a baya, yana wanke sandar motsa fenti wadda take a wanke.

"Tun bara na sani," Kawu ya ce, bai ɗago ba. "Ka sallame ni salin-alin. Kada ka yi ta zagaye kamar mai neman aure."

"Sa takalminka, Kawu. Makaranta za mu."

Su huɗu suka tafi, aka ja ƙofar shago da rana tsaka, abin da ba a taɓa yi ba. A aji huɗu shugabar ta tsaya ta harɗe hannu. Kowa na kallon kalar bango, ban da Kawu. Shi tafinsa ya ɗora, ya bi bangon a hankali daga taga har kwana, ya ƙwanƙwasa, ya kai hanci.

"Me ke bayan nan?"

"Famfon wanke hannu," in ji shugabar.

"To yana yoyo a cikin bango. Ki taɓa nan. Sanyi, ko? Ko wace kala aka shafa, kafin wata biyu za ta kumbura ta zube kamar saɓar maciji."

Dogo ya zaga baya, ya kankare gindin bangon da ƙarfe. Ƙasar jiƙe take sharkaf. Shugabar ta saki hannunta.

"Masu fenti uku suka shiga ajin nan, babu wanda ya faɗa mini."

"Su da ido suka shigo," in ji Kawu.

Aka kira mai gyaran famfo. Su kuma suka koma shago, inda aiki mai wuyar yake. Mai shagon ya jawo kujera ya ajiye gefen bencin haɗi, ya ce ƙanwarsa ta zauna.

"Kawu, awon yana cikin kanka, babu littafin da ya kai ka. Kai za ka zuba, ita za ta duba. Gwangwani ba zai fita ba sai ku biyu kun yarda."

"Yau ni za a ba 'yar rakiya? Uwata da na goya, tana yi mini fitsari a baya?" Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa gare ta.

"Ramuwa na zo yi, Kawu," ta ce. "Zuba mu gani."

Ya yi tsaki, amma ya zuba. Fari bokiti guda, shuɗi murfi uku. Ta shafa a kwali, ta kara da ɓallin aji ɗaya.

"Ya yi duhu kaɗan."

"Jira ya bushe, gaggawa gare ki kamar ubanki." Suka jira. Da ya bushe ta sake karawa, ta yi dariya.

"Ya hau daidai."

"To kin koyi abu ɗaya yau."

Ranar Asabar aka shafa bango uku na aji huɗu, amma Kawu ya hana a taɓa bangon famfon sai ya sha iska mako biyu. Shugabar ta so gardama, ya ce ta jingina allo a wurin, yara ba za su kai ƙara ba.

Ranar Talata ta dawo shagon. Mai shagon ya miƙe.

"Akwai ginin sama, aji takwas da ofis," ta ce. "Ku za ku ba da fentin. Amma da sharaɗi: babu bangon da za a shafa sai dattijon nan ya ɗora masa hannu."

Dogo ya buga kanta har gwangwanaye suka yi ƙara. Kawu ya leƙo daga baya, hancinsa da ɗigon fari.

"Uwata, rubuta: Alhamis, ginin sama. Kai kuma maigida, likitan idon da kake son kai ni wurinsa kana ta yi mini zagaye, ka ce masa sai Juma'a. Alhamis ina da aiki."