Kofunan Malam Gajere

Duk wanda ya ce miki koyar da kemistiri wahala ne, ki tambaye shi ko ya taɓa koyar da shi a gorar ruwa da aka yanke wa kai. Ni Zuhura na yi, kuma shekara da shekaru ina yi, a wata makarantar 'yan mata da ke gefen hanyar Kankia zuwa Kusada. Ɗakin gwajinmu ɗaki ne dai, tunda yana da ƙofa da taga. Kayan aikina kuwa kasuwa nake samo su: kanwa, tsamiya, lemun tsami, toka daga murhun maƙwabta, sai uwa uba zoɓo. Idan aka dafa zoɓo zalla, ba sukari ba citta, yana nuna halin duk abin da aka ɗiga masa. Mai tsami ya sa shi ya yi ja wur, kanwa ta mayar da shi kore. Abin da littafi ke kira asid da bes ke nan, kuma yarana sun gane shi tun kafin su iya rubuta sunansa daidai.

Ba wai makarantar ba ta da kayan gwaji ba ne. Tana da su, kwali guda na kofunan gilashi masu layin awo a jiki, sababbi fil, wata ƙungiya ce ta kawo kyauta. Sai dai suna cikin kabad a ofishin shugaban makaranta, Malam Gajere, mutum dogo kamar turken wutar lantarki, kuma makullin na aljihunsa. Yadda uwargida ke adana kwanukan jere, haka yake adana su. Duk sanda na roƙa, amsarsa guda ce.

"Malama, yaran ga hannunsu rawa shikai. In suka hwashe, mi za mu nuna ma baƙi?"

Na sha fita daga ofishin nan ina cizon leɓe. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, amma a wajensa baƙo ya fi komai, har da darasi.

To sai ga baƙin sun taso. Aka aiko cewa masu duba makarantu za su zo su ga ko muna da halin ci gaba da ajin kimiyya. Idan ba su gamsu ba, za a rufe ajin, mai son kimiyya ta koma babbar makaranta a cikin garin Kankia. A takarda abu ne mai sauƙi. Amma yawancin yarana daga ƙauyuka suke takowa, kuma iyayensu sun riga sun faɗi iyakar inda ƙafar 'ya'yansu za ta kai. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Rahma, 'yar ƙauyen Tafashiya, yarinya mai surutu da tambayar tsiya, wadda ta ƙudurta sai ta zama mai haɗa magunguna. Mahaifinta, Malam Sada, ya faɗa mini da bakinsa ranar kasuwa.

"Malama, nan kusa na yarda. In an ce Kankia, to ta zamna ta yi ajin da ke akwai."

Wato idan aka rufe ajina, Rahma ta gama da kimiyya. Abin ya tsorata ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Na shirya kamar mai aurar da 'ya. Na zaɓo zoɓo mai duhu, na dafa, na tace har sau biyu, na cika jarka. Na jiƙa kanwa daban, na matse lemun tsami daban, na wanke yankakkun gorunanmu har suna ƙyalli. Ranar da baƙin za su zo, da safe, na ajiye jarkar a ƙarƙashin tebur a ɗakin malamai saboda can ya fi sanyi, na tafi aji ina sake bi da yara ta kan abin da za su yi. Muka ji tsayuwar mota, muka ji gaishe-gaishe, aka shige da su ofis. Na ba su lokaci su huta, sannan na je ɗauko jarkata.

Babu jarka.

Na duba ƙarƙashin tebur, na duba bayan ƙofa, har da cikin kwandon shara don ruɗewa. Sai na ji dariyar Malam Gajere daga ofis, irin wadda yake yi idan ya fita kunyar baƙo. Na leƙa.

Ga baƙi uku a zaune, maza biyu da mace ɗaya. Ga jarkata a kwance a gefe, ko ɗigo babu. Ashe wanda aka aika sayo lemo bai dawo ba, shi kuwa Malam Gajere ba zai iya kallon baƙo zaune ba a ba shi abin jiƙa maƙoshi ba. Ya shiga ɗakin malamai, ya ga zoɓo, ya gode wa Allah da ya ba shi malamai masu tunani. Abin da ya rage bayan baƙi ma ya aika wa direba da masu gadi. Kuma da yake kofunan robar makaranta sun ƙoƙe, ba su dace da manyan mutane ba, sai ya buɗe kabad. A cikin kofunan gwajina ya zuba musu, waɗanda ban taɓa ko shafawa ba.

Maza biyun sun shanye nasu, idanunsu sun yi ja, suna ta haɗiyar yawu. Zoɓon nan ko ni da na dafa shi ba zan iya kurɓa biyu ba, don tsaminsa har kunne yake kaiwa. Amma wa zai ce wa mai masauki abin shansa ba daɗi? Shugabarsu, Hajiya Ummusalma, dattijuwa mai farin gilashi, ta kurɓa sau ɗaya ta tsaya. Ba ta iya sha ba, kunya kuma ta hana ta ajiyewa, sai ta riƙe kofin a hannu tana murmushi.

"Malama Zuhura, sannu da ƙoƙari," in ji Malam Gajere. "Zoɓonki ya hidda mu kunya. Sukarin ne dai ya ɗan yi ƙaranci."

Da ba a gaban baƙi ba ne, Allah kaɗai ya san abin da zai fito daga bakina. Na ce, "Madalla, ranka ya daɗe." Na yi tunanin aikawa a sayo zoɓon da ake sayarwa a bakin ƙofa, na tuna mai sayarwar tana zuba masa kala da ɗanɗano iri-iri, ba zai nuna komai ba. Dafa wani kuwa babu lokaci, don Hajiya ta riga ta miƙe ta ce a je aji. Haka muka jera, ni a gaba kamar wadda za a kai kotu, ita a baya da kofinta, don har yanzu ba ta sami inda za ta yar da shi cikin mutunci ba.

Yara suka miƙe suka gaishe su. A kan tebur ga ruwan kanwa, ga ruwan lemun tsami, ga gorunanmu a jere babu komai a ciki. Na buɗe baki zan fara ba da haƙuri, sai na ga Rahma ba ni take kallo ba. Hannun Hajiya take kallo, idonta kamar zai faɗo. A littafi kawai ta taɓa ganin irin kofin nan.

Ta ɗaga hannu, ba ta ma jira izini ba.

"Hajiya, don Allah in ba ki sha, ki ara mani."

Malam Gajere ya zaro ido, don a duniyarsa ba a taɓa karɓe abin sha daga hannun baƙo ba. Hajiya kuwa ta miƙa mata da saurin da ya nuna an sauke mata kaya.

Rahma ta karɓa da hannu biyu. Hannun yana rawa, gaskiyar Malam Gajere, amma ba ta saki ba. Ta ɗaga shi daidai idonta, ta karanta layin da zoɓon ya tsaya, ta faɗa da ƙarfi yadda na koya musu a kan allo. Sannan ta rarraba shi kaɗan-kaɗan a gorunan ƙawayenta, suka ƙara ruwa, ta bar saura a kofin. Ta ɗebo ruwan kanwa a cokali ta fara ɗigawa tana juyawa. Jan ya dushe, ya yi duhu, sai ga kore shar.

Ɗaya daga cikin mazan ya dafa cikinsa. "Malama, abin da muka sha ke nan?"

"Zoɓo ne zalla, Yallaɓai," na ce. "Ba abin da zai same ka, sai dai tsami."

Yara suka fashe da dariya, Hajiya ma ta kasa riƙe tata. Ta matso ta ce wa Rahma, "To 'yata, mayar mini da shi yadda na ba ki."

Rahma ta ɗiga lemun tsami. Ya yi 'yar kumfa, jan ya dawo. Hajiya ta tambaye ta dalilin kumfar, ta amsa. Ta juya kan wata yarinya a layin baya, ita ma ta amsa, duk da ta ɗan yi tuntuɓe. Ta ɗauki gora guda ta jujjuya, ta ga inda na daddatsa da wuƙa don ya zama ma'auni. Ta daɗe tana kallon wajen.

"Da wannan kuke aiki kullum?"

"Da shi, Hajiya."

"Waɗannan na gilashin fa?"

Ban ko kalli Malam Gajere ba, na dai kalli silin. Shi da kansa ya yi gyaran murya.

"Ajiye su muka yi, Hajiya, saboda baƙi."

"To ga shi baƙin sun zo, sun sha, sun gode," in ji ta. "Aji yana nan, ba inda za shi. Amma kofunan nan a ba masu su."

Ban san lokacin da na zauna a kan benci ba. Daɗi ya cika ni har na ji ƙwalla, na fake da gyaran mayafi. Malam Gajere ya laluba aljihu ya ciro makullin, ya miƙo mini a hankali kamar mai ba da 'yarsa, yana cewa a dai riƙa wankewa da ruwan ɗumi.

Da aka tashi, kowa ya watse ya bar Rahma a bakin tebur. Ta wanke kofin, ta goge da gefen hijabinta, ta sake gogewa, ta ƙi ajiyewa.

"Malama," ta ce, "in na je gida in ce ma Baba mi?"

"Ki ce masa gobe ma da sassafe za ki fito," na ce. "Kuma ki taho mana da zoɓo, namu baƙi sun shanye."