Ƙwaryar Barira a Gaban Alƙali

A wani ƙauye da ke gefen Illo akwai wata mata, Barira, wadda ba a biki sai da ita. Ƙwarya take kaɗawa, tana waƙa mata na amshi. Ta haura hamsin, amma in ta shiga gidan suna ko na aure, har tsofaffin da ke kukan ciwon gwiwa sai an zaunar da su da ƙyar.

Wata damina ruwa ya cinye kwalbatin da ke kan hanyar shiga ƙauyen. Kansilan mazaɓar, Ma'azu, ya zo ya tsaya a bakin ramin, aka ɗauke shi hoto, ya ce kafin a yanke shinkafa an gyara. Aka yanke shinkafa, aka sussuke, aka ci, rami na nan. Da ruwa ya sake sauka, aka ɗauko wata amarya daga tsallaken iyaka, ƙasar Benin, motar ta kafe a wurin. Sai goya amarya aka yi aka tsallaka da ita, gwaggonta kuma ta bar takalmi ɗaya cikin taɓo. Barira na cikin masu tarya, komai a idonta aka yi. Da la'asar ta kifa ƙwarya a tsakar gidan ango, waƙa ta zo mata da kanta:

"Ma'azu ya ɗau hoto bakin rami,
Rami ya yi ƙiba, Ma'azu ya yi ƙiba."

Mata suka amsa, "Kwalbati, sai yaushe?"

Wata ta naɗi waƙar a waya. Kafin kasuwa ta zagayo, 'yan kabu-kabu na rera ta a kan babur, masunta na yin ta cikin kwalekwale.

Wata safiya Barira na shanya shinkafa, 'yan sanda biyu suka yi sallama.

"Inna, ana son ganinki a ofis," in ji babbansu.

"Mi na yi?"

"Kansila ya kawo ƙara, wai kin ɓata mishi suna. Ki ɗauko ƙwaryar, shaida ce."

Barira ba ta taɓa taka ofishin 'yan sanda ba. Aka zaunar da ita a kan benci bayan kantar 'yan sanda. Can Ma'azu ya aiko da saƙo: in ta rantse ba za ta ƙara yin waƙar ba, ta kuma ba shi haƙuri a bainar jama'a, zai janye ƙarar. Saura kaɗan ta amsa, don ita dai gida take so.

Ashe Salamatu, babbar 'yar amshinta, tana da 'ya lauya a Birnin Kebbi, Ummu Salma, har ta riga ta kira ta. Kafin rana ta yi sanyi ta iso, ta durƙusa ta gai da Barira, ta zauna kusa da ita.

"Inna, akwai ƙarya cikin waƙar?"

"Ko ɗaya. Ramin na nan, je ki gani. Ƙibar ma kowa ya gani."

Ummu Salma ta danne dariya. "To kada ki rantse wa kowa. Tsarin mulkin ƙasar nan ya ba kowane ɗan ƙasa damar faɗin ra'ayinsa, balle a kan aikin wanda ya zaɓa. Abin da aka hana shi ne ƙage. Kuma ba a ajiye mutum haka kawai, ko a ba da belinki ko a kai ki gaban alƙali."

"Har ni da ban yi boko ba?"

"Har ke, Inna. Da ke da Kansila duk ɗaya ne a gaban doka."

Barira ta gyara zaman gyalenta. Sai ta ce a gaya wa Kansila ta gode, za su haɗu a kotu. Aka ba da belinta, ran nan a gida ta ci tuwo, amma ƙwarya aka riƙe ta.

Ranar shari'a a Bagudo kotu ta cika da mata, wasu har daga Kaoje. Alƙalin dattijo ne mai gilashi, maganarsa a hankali. Ma'azu ya miƙe ya yi bayani mai tsawo, cewa an zubar masa da mutunci, ko masallaci ya shiga sai ya ji ana gunguni a bayansa. Barira ta dube shi, ta ɗan ji tausayinsa, don ita ta yi waƙa a bikin uwarsa.

Ummu Salma ta tambaye shi ko ya yi alkawarin gyara kwalbatin. Ya ce ya yi. Ta tambaye shi ko an gyara. Ya ce ana kan shiri. Ta zauna.

Alƙali ya ce shi bai ji waƙar ba, kuma ba ya hukunci a kan abin da bai ji ba. Aka kawo ƙwarya, aka miƙa wa Barira.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "waƙar ga ba ta yiwuwa sai da amshi."

Alƙali ya duba ta saman gilashinsa, ya ce mutum biyu kawai, kuma a yi a hankali. Salamatu da wata suka matso. Barira ta zauna a ƙasa, ta buga. Baitin farko mutum biyu suka amsa. Na biyu rabin kotu. A na uku har magatakarda aka ga bakinsa na motsi, alƙali ya bubbuga tebur, ya sunkuyar da kai yana goge gilashi na tsawon lokaci.

Da ya ɗago ya ce bai ji zagi ba, bai ji ƙage ba, abin da ya ji tambaya ce, kuma talaka na da ikon tambayar wanda ya ba ƙuri'a. Ya kori ƙarar. Ya ce a mayar wa Barira da ƙwaryarta, kuma kada a sake taɓa ta a kan wannan magana.

A bakin kotu Ma'azu ya zo zai wuce da sauri, Barira ta kira shi.

"Kansila, ba ka gaishe ni ba."

Ya tsaya, ya sosa ƙeya. "Ina wuni, Inna. Kin dai gama da ni."

"Ban gama da kai ba, ɗana. Gyara ramin, ka ga in ban yi maka wadda ta hi ta daɗi ba."

Kafin kaka ta wuce aka ga motar yashi da siminti a bakin hanya, Ma'azu da kansa yana tsaye kan magina. Da aka gama ya aiko a tuna wa Barira da maganarta. Ta ce ta ji, amma sai kwalbatin ya sha ruwan damina ɗaya tukuna, ta ga ko zai tsaya.

Bukukuwa suka ƙaru mata har tsallaken iyaka. A wani ƙauye can mata suka kewaye ta, suka roƙe ta ta cire sunan Ma'azu ta sa na shugabansu, wanda ya yi musu alkawarin rijiya. Barira ta yi dariya, ta ce ita dokar ƙasarta ta sani. Su je su tambayi abin da tasu ta ce, in sun dawo da amsa za ta koya musu kiɗan, su kuma su sa sunan da bakinsu.